Malcom McLean: Direban babbar mota da ya sauya yadda duniya ke jigilar kaya

Kowace kwantena da ake saukewa a Apapa a ɗora wa tirela ta nufi Kano, tarihinta na komawa ne ga wani direba ɗan Amurka da ya fara sana'a da tsohuwar mota guda ɗaya. Sunansa Malcom McLean, an haife shi ranar 14 ga Nuwamban 1913 a garin Maxton da ke jihar North Carolina, cikin gidan manoma.

Ya tashi a lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kuma iyayensa ba su da halin tura shi jami'a. Sai ya kama aiki a wani gidan mai da ke Red Springs. A nan ya lura da kuɗin da ake biyan masu kawo kaya, ya tara abin da ya samu, ya sayi mota ta hannu a kan dala 120. A 1934 ya kafa McLean Trucking, inda shi ne mai mota, shi ne direba, shi ne mai neman lodi. Daga cikin ayyukansa na farko har da kwasar ƙasa a wuraren aikin hanya na gwamnati. Daga baya 'yan uwansa Jim da Clara suka shigo aka haɗa hannu.

Mai mota ɗaya a wancan zamani ba ya da sararin numfashi. Dokar sufuri ta 1935 ta bai wa hukumar tarayya ikon tsara hanyar da kowane kamfani zai bi, da irin kayan da zai ɗauka, da farashinsa. Tun da ba a gasa a farashi, riba ta koma ga wanda ya fi iya rage kashe kuɗi. McLean ya fahimci haka da wuri. Ya koma amfani da injin dizal, ya riƙa sayen ƙananan kamfanoni don ya gaji izinin hanyoyinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarfafa wa tsofaffin sojoji gwiwa su karɓi rancen gwamnati mai sauƙi su sayi motoci, sannan su yi masa jigila bisa kwangila. Su suka ɗauki bashin, shi kuwa ya samu ƙarin motoci ba tare da ya zuba jarinsa ba. Kafin tsakiyar shekarun 1950 kamfanin ya shiga sahun manyan kamfanonin jigila na ƙasar.

Abin da ya fi damunsa shi ne ɓata lokaci a tashoshin jiragen ruwa, inda 'yan dako ke sauke buhu da akwati ɗaya bayan ɗaya, jirgi ya kwana da kwanaki yana jira, kaya na lalacewa ko su yi ƙafa. Tunaninsa shi ne a ɗauki akwatin motar gaba ɗaya a ɗora a jirgi. Amma doka ba ta yarda mai kamfanin motoci ya mallaki kamfanin jiragen ruwa hakanan ba. A 1955 ya rabu da hannun jarinsa a kamfanin da ya gina shekara ashirin, ya ci bashin banki mai nauyi, ya sayi Pan-Atlantic da Waterman.

Ranar 26 ga Afrilun 1956 jirgin Ideal X, tsohuwar tankar mai da aka yi wa kwaskwarima, ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58. Lissafin kamfanin ya nuna cewa lodin tan ɗaya da hannu na cin dala 5.83, da kwantena kuwa bai kai santi 16 ba. Injiniya Keith Tantlinger ne ya ƙera makullan da ke riƙe kusurwoyin akwatin, kuma daga baya kamfanin, wanda ya koma Sea-Land a 1960, ya saki haƙƙin mallakar fasahar domin duniya ta daidaita a kan ma'auni ɗaya.

Sauƙin nan akwai waɗanda suka biya kuɗinsa. Dubban 'yan dako sun rasa aiki, tsofaffin tashoshin Manhattan da Brooklyn suka mutu yayin da harka ta koma New Jersey. Ƙungiyar ma'aikatan tashoshi ta yi yajin aiki da doguwar tattaunawa kafin ta samo wa mambobinta tabbacin albashin shekara. Yaƙi ma ya taimaka wa McLean: daga 1967 jiragensa suka riƙa kai wa sojojin Amurka kaya a Biyetnam, kuma maimakon su dawo wayam, sai suka fara biyawa ta Japan suna ɗebo hajoji zuwa kasuwannin Amurka.

A 1969 ya sayar da Sea-Land ga kamfanin taba na R.J. Reynolds a kan dala miliyan 530. Zama bai karɓe shi ba, a 1978 ya sayi United States Lines, ya yi odar manyan jirage 12 masu tsimin mai amma marasa sauri, bisa zaton man zai ci gaba da tsada. Farashin mai ya faɗi, masu kaya suka koma wa jirage masu sauri, kamfanin ya karye a 1986 da bashin sama da dala biliyan ɗaya. Dubban ma'aikata suka rasa abin yi, shi ma yawancin dukiyarsa ta tafi.

Bai ajiye sana'a ba. A 1991, yana dab da shekara 78, ya kafa Trailer Bridge mai jigila tsakanin Amurka da Puerto Rico. Ya rasu a New York ranar 25 ga Mayun 2001 yana da shekara 87. Akwatin da ya yi caca da dukiyarsa a kansa shi ne yau ke ɗauke da mafi yawan kayan masana'antu da ke ƙetare teku, kuma a ƙarshen kowace tafiya direban babbar mota ne ke kai shi inda aka nufa.