WILHELM MAYBACH: MARAYAN DA YA ƘERA MARSANDI TA FARKO

Abin da ya kai ni ga tarihin wannan bawan Allah aikin gida ne da aka ba mu a kan kalmomin aro. Kalmar da ta faɗo mini ita ce "marsandi", wadda Bahaushe yake kawowa idan zai yi maganar motar manya. Da na bi asalinta sai na tarar sunan wata yarinya ce, Mercedes, kuma kalmar daga harshen Sifaniyanci take, tana nufin rahama. To, amma yarinyar ba ita ta ƙera motar ba. Wanda ya ƙera ta sunansa Wilhelm Maybach, kuma shi nake son in gabatar wa mai karatu.

An haifi Maybach ranar 9 ga Fabrairu, 1846, a garin Heilbronn na ƙasar Jamus. Mahaifinsa kafinta ne. Tun yana yaro mahaifiyarsa ta rasu, daga baya mahaifin ya bi ta. Sai da dangi suka sa cigiya a jarida suna neman wanda zai riƙe yaran. Ta haka ya faɗa wani gidan marayu a Reutlingen mai suna Bruderhaus, wanda Gustav Werner ya kafa. Gidan yana da masana'anta, kuma da aka ga yaron yana da hannun zane sai aka tura shi sashen zanen injuna.

A nan ya haɗu da Gottlieb Daimler a 1865, wanda ya girme shi da shekara goma sha biyu. Daga nan duk inda Daimler ya sa ƙafa Maybach na biye. Sun yi aiki a kamfanin Deutz tare da Nikolaus Otto daga 1872, sannan a 1882 suka koma Cannstatt suka buɗe ɗan garejinsu a cikin lambun gidan Daimler. A 1885 suka ɗora ƙaramin inji a kan keken katako mai ƙafa biyu. A 1893 kuma Maybach ya fito da kafireto mai fesa mai.

Motocin wancan lokaci keken doki ne kawai da aka cire wa doki: dogaye a tsaye, gajeru a kwance, da an sha kwana da gudu sai su kife. A watan Maris na 1900 direban kamfanin Daimler, Wilhelm Bauer, ya mutu a tseren hawan dutse kusa da birnin Nice na Faransa. A watan nan ne kuma Daimler ya rasu. Wani attajiri mazaunin Nice mai sayar da motocin kamfanin, Emil Jellinek, ya matsa lamba a ƙera masa wata iri dabam, ya yi odar guda 36, da sharaɗin a sa mata sunan 'yarsa.

Nan Maybach ya nuna ko shi wane ne. Ya tsawaita tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, ya faɗaɗa motar, ya sauko da nauyinta kusa da ƙasa. Injin mai silinda 4 da ƙarfin doki 35 ya zauna a gaba, a kan firam na ƙarfe. Abin da ya fi burge ni shi ne lagireton. Ya jera ƙananan bututu sama da 8,000 kamar saƙar zuma, iska na ratsa su tana sanyaya ruwa, saboda haka ruwan da mota take ɗauka ya ragu da rabi. Motar ta cinye tseren Nice a Maris na 1901. Duk wanda ya tsaya ya dubi motar da ake kai wani shugaban kamfani ofis, doguwa, ƙasa-ƙasa, inji a gaba, zai ga wannan fasalin. Burki mai hana taya cijewa da jakar iska duk sun zo daga baya, a 1978 da 1981, amma a kan tsarin nan aka ɗora su.

Sakayyar da ya samu ba ta yi daɗi ba. Da ubangidansa ya kau, masu kuɗin kamfanin suka rage masa matsayi bayan wata rashin lafiya da ya yi, har ya ajiye aiki a 1907. A ganina maraicin nan na biyu ya fi na farko ciwo, domin motar da ya haifa ta ci gaba da suna a hannun wasu.

Bai zauna ba. A 1909 shi da ɗansa Karl suka kafa kamfanin ƙera injunan jiragen sama na Zeppelin. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an hana Jamus ƙera jiragen yaƙi, sai Karl ya juya ga motocin alfarma, ta farko ta fito a 1921 da sunan Maybach. Tsohon ya ga wannan da idonsa kafin ya rasu a Cannstatt ranar 29 ga Disamba, 1929, yana da shekara 83.

Kamfanin Daimler-Benz ya sayi na Maybach a 1960. An farfaɗo da sunan a 2002, cinikin bai kankama ba aka dakatar, sannan a 2014 aka liƙa shi a kan samfurin S-Class mafi tsada, aka kira shi Mercedes-Maybach. Sunan yarinyar ne a gaba, nasa a baya.