MARIGAYIYA HATTIE McDANIEL: TA CI LAMBAR YABO, AN HANA TA KABARI

Da yawa daga cikinmu nan Bauchi mun sha kallon finafinan Amurka, amma kaɗan ne suka san baƙar fatar da ta fara cin lambar Oska, wadda ita ce babbar lambar yabo ta harkar fim a can. To mace ce, sunanta Hattie McDaniel.

An haife ta ranar 10 ga Yuni, 1893 a garin Wichita na jihar Kansas. Ita ce auta cikin 'ya'ya 13, kuma iyayenta duka biyu sun ɗanɗani bauta. Ta tashi a Denba, ta fara da waƙa a dandali da gidan rediyo. Da tattalin arziki ya karye a 1929, sai da ta koma aikin kula da bayan gida a wani gidan rawa kusa da Milwaukee kafin a gane tana da murya. A 1931 ta tafi Los Anjalis neman shiga fim.

A wancan zamanin, in baƙar mace ta shiga fim, to ba ta wuce kuku ko mai raino. Hattie ta karɓa, amma ta riƙa fitowa a 'yar aiki mai baki, wadda ba ta shakkar gaya wa uwar gida gaskiya. Haka ta yi a fim ɗin Gone with the Wind na 1939, inda ta fito a matsayin Mammy. Ranar da aka fara nuna fim ɗin a Atlanta ba ta je ba, saboda dokar wariyar launin fata. A Fabrairun 1940 aka ba ta Oska, amma ko a wurin bikin, can gefe aka ajiye mata tebur, nesa da Turawan da suka yi fim ɗin tare. Sai a 1991 wata baƙar mace, Whoopi Goldberg, ta sake cin lambar wasan kwaikwayo.

Nata ma ba su bar ta ba. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta zarge ta da zubar musu da mutunci. Ita kuwa ta nuna ta gwammace ta yi wasan 'yar aiki a biya ta da tsoka, da ta koma aikatau na gaske.

Amma fa ba ta da sanyi. Da Turawan unguwar Sugar Hill suka kai ƙara don a kori baƙaƙen da suka sayi gidaje a wurin, tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata, kuma a 1945 alƙali ya kori ƙarar. Duk wanda ya taɓa zama baƙo a garin wasu ya san nauyin wannan nasara.

A 1947 ta zama tauraruwar shirin rediyo mai suna Beulah. Ta fara ɗaukarsa a talbijin ke nan ciwon dajin mama ya kwantar da ita. Ta rasu ranar 26 ga Oktoba, 1952. Ta bar wasiyya a binne ta a maƙabartar Holiwud, masu wurin suka ƙi don ba sa karɓar gawar baƙi, aka kai ta maƙabartar Rosedale. Sai a 1999 sababbin masu wurin suka kafa mata dutsen tunawa, shekara 47 bayan rasuwarta.