Jean Ayres: Matar da ta gano alaƙar ƙiriniyar wasu yara da yadda jikinsu ke ji

Idan kuna da yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko wanda ke toshe kunnuwa yana kuka da zarar an tayar da janareta, ko wanda aski da yanke farce ke zame masa tashin hankali, wataƙila an taɓa ba ku shawarar ku kai shi wurin masu jinya ta hanyar aiki. Da yawa daga cikin dabarun da waɗannan ma'aikata ke amfani da su wajen irin waɗannan yara sun samo asali ne daga binciken wata Ba'amurkiya mai suna Anna Jean Ayres, wadda ta rasu a 1988. Sanin tarihinta zai taimaka muku ku fahimci abin da ake yi wa ɗanku a ɗakin jinya, ku kuma san iyakar abin da wannan jinya za ta iya yi.

Haihuwa da karatu

An haifi Jean Ayres ranar 18 ga Yuli, 1920, a wata gona da ke Visalia, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Iyayenta malaman makaranta ne. Bayan ta girma ta bayyana cewa ita ma tana ƙarama ta yi fama da wasu daga cikin alamomin da ta zo ta shafe rayuwarta tana bincike a kansu.

Ta yi karatu a Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Anjelas, inda ta samu digirin farko a fannin jinya ta hanyar aiki a 1945, sannan digiri na biyu a 1954. A lokacin fannin bai daɗe ba, domin a 1917 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka. Kada kalmar aiki ta ruɗe ku. Abin da ake nufi shi ne duk abin da mutum ke yi a yininsa: cin abinci, wanka, sa tufafi, rubutu, sana'a. Ma'aikacin wannan fanni yana taimaka wa wanda ciwo ko naƙasa ta hana shi waɗannan abubuwa ya koma yin su da kansa. Shi kuwa yaro, babban aikinsa wasa ne da karatu.

Ta fara aiki a asibitoci da cibiyoyin gyaran gaɓoɓi a kudancin Kalifoniya, ta kula da manya masu raunin ƙwaƙwalwa da yaran da aka haifa da shanyewar gaɓoɓi. A nan ta lura cewa ba kullum ne rashin ƙarfin tsoka ke hana mutum sa maɓallin riga ba. Wani hannunsa da ƙarfi, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta samun cikakken bayani a kan inda yatsunsa suke. Wannan lura ta mayar da ita makaranta. Ta samu digirin digirgir a ilimin halayyar koyo a 1961, daga baya ta yi ƙarin horo a Cibiyar Binciken Ƙwaƙwalwa ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas daga 1964 zuwa 1966.

Hanyoyin ji da ba a koya mana a firamare ba

Kowa ya san gani, da ji da kunne, da jin ƙamshi, da ɗanɗano, da taɓawa. Ayres ta mayar da hankali a kan taɓawa da wasu hanyoyi biyu da mutane ba su cika sani ba.

Ta farko tana can cikin kunne. Akwai wasu ƙananan bututu guda uku masu ruwa a ciki, da wasu 'yan jakunkuna biyu, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa ko kanku ya karkata, ko kuna juyawa, ko motar da kuke ciki ta taka birki. Su ne ke sa jiri bayan mutum ya yi ta juyi. Ta biyu tana cikin tsokoki da gaɓoɓi. Ku rufe ido ku taɓa hancinku da yatsa. Abin da ya kai yatsan daidai wurin shi ne wannan ji, kuma shi ne ke sa ku san ƙarfin da za ku riƙe ƙwai da shi kada ya fashe.

Ra'ayin Ayres shi ne, a kowane lokaci ƙwaƙwalwa na karɓar saƙonni daga waɗannan hanyoyi gaba ɗaya, tana tace su, tana haɗa su, ta ɗauki mai muhimmanci ta yi watsi da saura. Ku ɗauki ɗalibin da ke zaune a aji. Domin ya kwafi abin da ke kan allo, dole ƙwaƙwalwarsa ta manta da ƙaiƙayin kwalar riga da ƙarar fanka, ta riƙe bayansa a miƙe, ta sa idonsa ya bi layi, ta auna yadda zai danna fensir. Yawancin yara na yin duk wannan ba tare da sun sani ba. Idan kuwa aikin haɗawar bai tafi daidai ba, yaro zai ƙarar da ƙarfinsa wajen zama a kan benci kawai, abin da ya rage wa darasi ɗan kaɗan ne. Malami sai ya ga rago ko mai taurin kai.

A wani rubutu da ta wallafa a 1964 ta bayyana yaran da taɓawa mai sauƙi ke zame musu kamar barazana. Wani ya goge su a layi, sai su kai duka ko su gudu. Ta nuna cewa wannan yanayi yana yawan zuwa tare da rashin natsuwa da saurin ɗaukewar hankali. A wancan lokacin sunan ADHD bai ma fito ba, sai a 1987 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fara amfani da shi a kundinsu. Ta kuma yi bayani a kan yaran da ke tsoron duk abin da zai ɗaga ƙafarsu daga ƙasa, da waɗanda ba sa ƙoshi da juyi da tsalle, da waɗanda tsara sabon motsi ke yi musu wuya, kamar ɗaure igiyar takalmi ko hawa keke, alhali tsokokinsu lafiya lau.

Gwaje-gwaje da ɗakin lilo

Ayres ba ta yarda ta tsaya a kan hasashe ba. Ta shafe shekaru tana ƙirƙiro gwaje-gwajen auna yara, tana tattara sakamakon, tana bin sa da lissafi domin ta ga waɗanne matsaloli ne ke zuwa tare. A 1972 ta fitar da jerin gwaje-gwajenta na farko tare da littafin Sensory Integration and Learning Disorders. A 1975 ta ƙara wani gwaji da ake zaunar da yaro a kan faifai, a juya shi sau 10 cikin daƙiƙa 20, a tsayar, sannan a auna tsawon lokacin da ƙwayar idonsa za ta yi tana rawa. Wannan rawar ido tana nuna yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon cikin kunne. A 1979 ta rubuta Sensory Integration and the Child da harshe mai sauƙi saboda iyaye.

A tsakiyar shekarun 1970 ta buɗe asibitinta a garin Torrance. Wanda ya shiga zai zaci filin wasa ne. Akwai liluna iri-iri a rataye a rufi, da raga, da katifu, da manyan ƙwallaye, da katako mai taya da yaro ke kwanciya a kai ya tura kansa. Amma wasan yana da ƙa'ida. Yaro ne ke zaɓar abin da yake so, ita kuma ma'aikaciya tana sauya wasan a hankali yadda zai ɗan fi ƙarfinsa kaɗan, ba tare da ya yi wuyar da zai karya masa gwiwa ba. Yaron da ke tsoron lilo zai fara da wanda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Idan ya saba, a ɗaga. Idan ya ƙara sabawa, a ba shi ƙwallo ya jefa cikin kwando yana lilon. A ganinta ƙwaƙwalwa tana koyo ne lokacin da yaro da kansa ya yi nasarar fuskantar sabon abu. Ɗora shi a kan lilo a yi ta kaɗa shi yana kuka ba ya cikin koyarwarta.

Abokan sana'arta sun karrama ta tun da wuri. A 1963 aka zaɓe ta ta gabatar da laccar tunawa da Eleanor Clarke Slagle, wadda ke cikin manyan lambobin girmamawa na ƙungiyarsu. Ta koyar a jami'ar da ta yi karatu na tsawon shekaru, ta kuma horar da ma'aikata da yawa a asibitinta. Duk da haka ta sha suka daga likitocin yara da masana ilimi da ke ganin hujjojinta ba su kai ba. Ta rasu ranar 16 ga Disamba, 1988, tana da shekara 68, sakamakon sankarar mama. Jerin gwaje-gwajenta na ƙarshe, guda 17 na yara daga shekara 4 zuwa ƙasa da 9, ya fito a 1989 bayan rasuwarta.

Me bincike ya nuna bayan rasuwarta?

Wannan sashe ne ya fi shafar ɗanku da aljihunku, don haka ku karanta shi da kyau.

Abin da ta lura da shi ya tabbata. Akwai yaran da ƙara, ko taɓawa, ko motsi ke damun su fiye da sauran, akwai kuma waɗanda ba sa jin su sosai. A 2013 kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka ya sanya wannan cikin alamomin galahanga, wato otizim. Ana kuma yawan ganin sa a wurin yara masu ADHD, larurar da ke shafar kusan yara 5 cikin 100 a duniya. Sai dai kundin bai amince da matsalar sarrafa ji a matsayin cuta mai zaman kanta ba.

Batun ko jinyar tana aiki kuwa, har yanzu ana muhawara. A 2012 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta bayyana cewa hujjojin ba su da yawa. Ta ce ana iya amfani da jinyar a matsayin ɓangare ɗaya na cikakken tsarin kula da yaro, a gwada na ɗan lokaci a ga ko akwai canji. Wani bincike na 2014 a kan yara 32 masu galahanga ya nuna ci gaba a burin da iyaye suka zaɓa wa 'ya'yansu. Wani mafi girma da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2022, bai ga ta fi kulawar da aka saba ba wajen rage matsalolin ɗabi'a. A kan ADHD ita kanta, abin da ya fi ƙarfin hujja shi ne horar da iyaye dabarun tarbiyya, da tallafin makaranta, da magunguna irin su methylphenidate ga yaran da suka kai shekara 6 idan likita ya ga ya dace. Jinya ta hanyar aiki tana taimakawa wajen rubutu, sa tufafi, tsara lokaci da gyara muhalli, amma ba ta maye gurbin waɗannan ba.

Abin da za ku ɗauka daga aikinta

Ku fara da likitan yara ko likitan ƙwaƙwalwa. Raunin ji ko gani, rashin isasshen barci, ƙarancin jini, damuwa, da wata irin farfaɗiya da yaro ke ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi duk suna iya kama da ADHD. A Najeriya an fi samun masu jinya ta hanyar aiki a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya. Ku tabbatar wanda za ku kai wa ɗanku yana da rajista da hukumar da ke kula da sana'ar.

Kafin a fara, ku zauna da shi ku tsayar da buri da za a iya gani, misali yaro ya yarda a yi masa wanka ba kuka, ko ya zauna ya gama cin abinci. Ku sa lokacin da za ku sake dubawa. Idan lokacin ya yi babu canji, ku nemi a sauya tsari. Wanda ya yi muku alkawarin warkar da ADHD ko galahanga da lilo, ku yi hattara da shi.

A gida, ku riƙa rubuta abin da ya faru kafin yaron ya birkice. Bayan mako biyu za ku iya ganin cewa kasuwa ce, ko gidan biki, ko wata riga. Ku yanke takardar wuyan rigar da ke sukar sa. Ku sanar da shi kafin ku taɓa shi, kuma ku sani yawancin irin waɗannan yara sun fi jure riƙo mai ɗan ƙarfi a kan shafa mai sauƙi. Kafin ya zauna aikin gida, ku bar shi ya yi gudu, ko ya ɗebo ruwa a ƙaramin bokiti, ko ya yi shara. Ku raba aikin gunduwa-gunduwa da ɗan hutu a tsakani. Ku roƙi malaminsa ya zaunar da shi gaba, nesa da taga, ya kuma riƙa aiken sa goge allo idan ya ga zaman ya ishe shi. Kada ku juya yaro da ƙarfi da sunan jinya, musamman mai farfaɗiya, kuma kada ku lulluɓe ƙaramin yaro da bargo mai nauyi, domin yana iya toshe masa numfashi.

Duka ba ya sauya yadda fatar yaro ko kunnensa ke ji, sai dai ya ƙara masa tsoro. Kafin Ayres, yaron da ya ƙi aski ko ya kasa zama a aji ana yi masa kallon marar tarbiyya kawai. Ita ce ta koya wa ma'aikatan lafiya su fara tambayar abin da jikin yaron ke ji. Idan kun ga waɗannan alamomi a ɗanku kuma suna hana shi karatu, wasa ko zama da 'yan'uwansa, ku kai shi asibiti a duba shi, ku tafi da abin da kuka rubuta a gida.