Abdulkarim Barth: Baturen da ya karanta tarihin Sahara a jikin dutse

A watan Yulin 1850, wani ayari da ya taso daga Tarabulus ya yada zango a kwarin Tilizagen, tsakanin Murzuk da Gat, a kudancin Libiya ta yau. A cikin ayarin akwai wani matashi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim. A nan ya ga zane-zane da aka sassaƙa a jikin duwatsu: garken shanu, da wasu siffofi biyu masu jikin mutum da kan dabba, sun sa sa a tsakiya. Ba shi da na'urar ɗaukar hoto, sai ya zauna ya kwafe su da hannu a littafinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne babu raƙumi ko ɗaya a zanen. To, ina shanu za su samu ciyawa da ruwa a wannan ƙungurmin rairayi? Sai ya fahimci cewa a da wurin ya taɓa zama makiyaya, tun kafin zuwan raƙumi. Binciken da aka yi daga baya ya gaskata shi: shekaru dubbai da suka wuce Sahara kore ce shar, har da giwaye da raƙuman dawa da kadoji, kuma duk an samu zanensu a wannan yanki.

An haifi Barth a birnin Hamburg a 1821, ya yi karatu a jami'ar Berlin, ya iya Larabci. Gwamnatin Ingila ce ta tura ayarin, ƙarƙashin James Richardson. Tun kusa da Gat ya kusa rasa ransa, da ya hau dutsen Idinen shi kaɗai ya ɓace, ƙishirwa ta galabaita shi, sai wani Buzu ya tsince shi.

Daga nan ya bi ta Agadas, ya shiga Kano a farkon 1851, ya wuce Kukawa, ya ƙetare Binuwai zuwa Yola, ya je Bagarmi, sannan ya juya yamma ta Sakkwato da Gwandu. A hanya ya koyi Hausa da Barbarci. Abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Adolf Overweg, duk a ƙasar Barno suka mutu. Da ya doshi Tambutu a 1853 ya ɓoye addininsa, ya shiga a matsayin Balarabe; da asiri ya tonu, Shehu Ahmadul Bakkay ne ya tsaya masa, ya hana a taɓa shi.

Ya koma Turai a 1855 tare da yara biyu 'yantattu, Dorugu da Abbega, ya wallafa labarin tafiyarsa cikin mujalladi biyar a 1857 da 1858. Ya mutu a Berlin a 1865, yana da shekara 44 kacal.

Yau mai waya a hannu zai ɗauki cikin daƙiƙa abin da Barth ya sha wahala kafin ya kwafe. Sai dai duwatsun na cikin hatsari: a 2009 an fesa fenti a kan wasu tsofaffin zane-zane a tsaunukan Akakus, kusa da Gat. Duk wanda Allah Ya kai shi irin wannan wuri, ya ɗauki hotonsa ya wuce, kada ya rubuta sunansa a kai.