MUHAMMADU RUMFA: SARKIN DA YA ƊAURE KANO DA IGIYA BIYU

Mu nan Sara da Gwaram da Birnin Kudu, kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991 ƙasar Kano muke, don haka tarihin Rumfa namu ne.

Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu ya hau gadon sarauta a 1463, ya yi mulki har 1499. Yara sun san shi da Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne irin Kanon da ya gada. A gabas akwai Borno, wadda tun zamanin kakansa Abdullahi Burja ake kai mata gaisuwa. A arewa ga Katsina, wadda ya shafe shekara 11 yana yaƙi da ita babu wanda ya kayar da wani. A yamma kuma Songhai na ta faɗaɗa.

Amma ni a ganina babbar barazanar tana cikin gida. Tarihin Kano ya kawo yadda Galadima Dawuda, a zamanin Burja, ya yi ta kai hari kudu yana aiko da bayi, har ya kafa garuruwa 21 na bayi. To ka duba, hakimin da ke da wannan ƙarfi, wane sarki ne zai yi barci da ido biyu rufe? Ga kuma Dagaci, ɗan sarautar Borno da ya zauna a Kano da jama'arsa tun zamanin Sarki Dauda, ya zama kamar sarki a cikin sarki.

Igiya ta farko da Rumfa ya ɗaure mulki da ita ita ce fada. Ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya jawo manyan hakimai kusa da shi inda idonsa ke kansu. Ya ba bayi da babanni muƙamai irin su Ma'aji, saboda baba ba shi da ɗan da zai nema wa gado, ba shi da dangin da za su taya shi tawaye. Ya fito daga tsohuwar fada ya gina sabuwa, ya faɗaɗa ganuwa, ya zo da kakaki da figini da dawakin zage. Kar ka ɗauka ado ne kawai. Kwarjini yake ginawa, don hakimi ya san akwai tazara tsakaninsa da sarki.

Igiya ta biyu ita ce shari'a. Wajen 1492 Shaihu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano, Rumfa ya karɓe shi hannu bibbiyu. An sare bishiyar tsafi aka gina masallaci a wurin, aka tsayar da Sallar Idi. Shehin ya rubuta masa Tajuddin, ƙaramin littafi mai babi takwas kan wajiban sarakuna: gyara niyya, tsara ma'aikata, binciken al'amura, adalci a hukunci, tara dukiya ta halal da kashe ta inda ta dace. Duk ɗalibin da ya karanta shi zai lura da gargaɗin da Shehin ke ta maimaitawa, kan sarki ya ɓuya daga talakawansa.

Nan ne fa abin yake ɗaure min kai. Igiyoyin nan biyu suna jan juna. Malami na cewa a buɗe ƙofa mai ƙara ya shigo, tsarin fada kuma na ƙara soraye da bayi tsakanin sarki da talaka. Sannan Tarihin Kano bai ɓoye ba cewa Rumfa ya tara mata har dubu a gidansa, kuma shi ya fara kame. Mayar da ɗan Adam baba haramun ne, babu malamin da zai halasta shi don maslahar mulki. Wannan ba zagin magabata ba ne, Allah Ya jiƙansa, alherinsa ga Musulunci a ƙasar Hausa ba ya ƙirguwa. Sai dai ba mu karanta tarihi da ido ɗaya.

Shin ɗaurin ya riƙe? Ya riƙe, amma da ƙyar. Ɗansa Abdullahi, wanda ya yi mulki daga 1499 zuwa 1509, ya ci galaba a kan Katsina da Zazzau. Yana fagen fama Dagaci ya shirya tawaye, sai Madaki Auwa, mahaifiyar sarki, ta tare abin daga cikin fada kafin ya dawo. Da Mai na Borno ya taso da runduna, Abdullahi bai ja daga ba, ya fita da malamai ya ƙasƙantar da kai har Mai ya juya. Bayan nan ne ya tuɓe Dagaci, ya miƙa sarautar ga bawansa.