Dick Tiger, Ɗan Damben Aba Wanda Ya Kawo Kambin Duniya Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka ya san ɗan dambe ba ya shiga fage shi kaɗai. Garinsu ne ke shiga tare da shi. In ya yi kisa, gari ya yi. In kuwa aka kashe shi, sai mutanen unguwarsu su kwana biyu ba su son ratsa kasuwa. Haka abin yake ko a damben Turawa, wanda ake yi da safar hannu a cikin igiya. Daga cikin 'yan Nijeriya da suka yi suna a wannan wasa, da wuya a sami wanda ya riƙi gida da hannu biyu kamar Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger.

An haife shi ran 14 ga watan Agusta 1929 a Amaigbo, wani gari na ƙasar Ibo wanda yanzu yake cikin Jihar Imo. Iyayensa ba masu hali ba ne, saboda haka tun yana saurayi ya tafi Aba neman abin kansa. A can ya shiga harkar kasuwa daga ƙasa, yana bin gidaje yana tattara kwalaben da aka shanye yana sayarwa. Da yamma sai ya tafi wurin koyon dambe. A 1952 ya fara dambe don kuɗi. Dick gajarta sunan Richard ne kamar yadda Turawa ke yi, Tiger kuwa damisa ke nan, laƙabin da ya samu saboda irin yadda yake afka wa abokin karawa.

Da ya ga ya gama da na gida, sai ya shiga jirgin ruwa a 1955 ya sauka Liverpool ta ƙasar Ingila, garin da Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya riga shi zama. Ingila ba ta karɓe shi da fara'a ba. Ga sanyi, ga abincin da bai saba da shi ba, ga aikin rana a masana'antar fenti kafin ya je motsa jiki. Karawa huɗu na farko duk aka cinye shi. Wani da sai ya ɗaure kayansa ya koma kasuwar Aba, amma shi ya daure. A 1957, shekarar da Bassey ya ci kambin duniya a birnin Paris, Tiger ya buge Terry Downes, wani Bature da ake ji da shi. A watan Maris 1958 ya kashe Pat McAteer ya zama zakaran matsakaita nauyi, watau masu laba 160, na ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila duka.

Shekara ta zagayo ya ƙaura zuwa New York. Mutum ne gajere, kakkaura, mai ƙafafu kamar turame. Ba ya rawa a fage, ba ya guje-guje. Gaba yake yi sannu sannu har ya matse mutum, sa'an nan ya sakar masa hagu. Wanda ya tsaya su yi musayar naushi ya shiga uku. Amma mai wayon da zai riƙa taɓa shi yana zillewa yakan wahalar da shi, kuma yawancin karawar da ya rasa ta wannan hanya aka bi masa.

Ran 23 ga Oktoba 1962 a San Francisco ya kara da Gene Fullmer, Ba'amurke mai taurin kai, suka yi turmi 15, alƙalai suka ba Tiger kambin duniya. Suka sake haɗuwa a Las Vegas cikin Fabrairu 1963 aka tashi babu kisa, kambi ya zauna inda yake. Karo na uku shi ne wanda tsofaffi ba su manta ba. A lokacin ƙasar nan tana da shekara uku da samun mulkin kai, 'yan siyasa kuma sun riga sun fara zaman doya da manja. Duk da haka gwamnatin tarayya da na jihohi suka haɗa kuɗi don a yi karawar a gida. Ran 10 ga Agusta 1963 aka taru a filin wasa na Liberty da ke Badun, wanda yanzu ake kira da sunan Obafemi Awolowo. Ba a taɓa yin damben kambin duniya a Afirka ta Yamma ba sai ran nan. Tiger ya yi wa Fullmer dukan da bayan turmi na bakwai mutanensa suka hana shi tashi. Fullmer bai sake shiga fage ba. A shekarar ce Sarauniyar Ingila ta ba Tiger lambar girma ta MBE.

Kambi bai daɗe ba. A Disamba 1963 Joey Giardello ya ƙwace shi, ya kuma yi ta jan ƙafa wajen ba shi damar ramawa har kusan shekara biyu. Tiger ya karɓe abinsa a Oktoba 1965, Emile Griffith ya sake raba shi da shi a Afrilu 1966. Yana da shekara 37, lokacin da 'yan dambe ke neman wurin zama, sai ya hau ajin da ke gaba, na masu laba 175, ya buge José Torres a Disamba 1966 ya sake zama zakaran duniya.

Abin da ya bambanta shi da yawancin 'yan wasa shi ne inda kuɗinsa ke zuwa. Ba mashayi ba ne, ba ya almubazzaranci. Halin ɗan kasuwa bai bar shi ba: abin da ya samo a Amurka Aba yake kai shi, ya gina gidaje, ya buɗe kantuna. A ganinsa ya yi wa tsufansa tanadi.

Sai ga 1966 da juyin mulki biyu, da kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, sa'an nan yaƙin basasa ya ɓarke a Yuli 1967. Tiger ya bi ɓangaren Biyafara a fili. Aka ba shi muƙamin laftana, yana horar da sojoji motsa jiki, yana kuma zuba kuɗin dambensa wajen taimakon mutanensa. Mutumin da aka yi wa kallon tutar Nijeriya a Badun, cikin shekara huɗu ya zama wanda gwamnatin Ikko ke ɗauka ɗan tawaye. Mai karatu na iya ganin ya yi kuskure, masu yawa ma sun gani a lokacin. Sai dai ba wanda zai ce don riba ya yi, gama babu abin da ya samu sai hasara.

Ran 24 ga Mayu 1968 ya sa kambinsa a gaban Bob Foster, dogo mai hannu kamar tabarya, wanda ya fi shi tsawo nesa. A turmi na huɗu hagun Foster ya same shi a haɓa, aka ƙirga masa goma. Cikin karawa 82 da ya yi a rayuwarsa, wannan kaɗai ce aka ƙirga shi har ƙarshe. A watan Satumba na shekarar sojojin tarayya suka kama Aba, dukiyar da ya tara ta salwanta. A 1969 ya mayar wa Ingila lambarta saboda goyon bayan da take ba gwamnatin tarayya. Ya ci gaba da dambe don iyali su ci abinci, har ya buge Nino Benvenuti na Italiya a Mayu 1969 yana dab da shekara 40. Karawarsa ta ƙarshe da Griffith ce a Yuli 1970, aka cinye shi.

Daga nan zakaran duniya na aji biyu ya kama aikin gadi a wani babban gidan ajiye kayan tarihi na New York mai suna Metropolitan. Yana wannan aiki ciwo ya kama shi a ciki, likitoci suka ce sankarar hanta ce. Bai nemi kome ba sai ya koma gida. Yaƙi ya riga ya ƙare tun Janairu 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon kuma ta ɗauki hanyar sulhu, saboda haka aka bar shi ya dawo. Ya rasu a Aba ran 14 ga Disamba 1971, yana da shekara 42. A 1991 aka sa sunansa cikin zauren tunawa da gwanayen damben duniya da ke Canastota ta Jihar New York.