Louis Pasteur, ɗan majemin da ya tabbatar yis na da rai

Jama'ar Dakoro da ƴan uwa na ƙetare, yau tarihinmu na Louis Pasteur ne. Yis ɗin nan da ke tada ƙullin burodi da masa, shi ya tabbatar halitta ce mai rai.

An haife shi ran 27 ga Disamba 1822 a garin Dole na Faransa, ubansa majemi ne. A 1854 ya zama shugaban sashen kimiyya a jami'ar Lille. A 1856 wani mai masana'anta da ke tatsar etanol daga ruwan betarab ya kawo mishi kuka, wai randunansa tsami suke yi, asara ta ishe shi. Pasteur ya ɗebi ruwan, ya duba da madubin ganin ƙwayoyi. A randa mai kyau ya ga yis ƙulu-ƙulu yana hayayyafa, yana cin sukari yana fidda etanol. A wadda ta lalace kuwa, wasu ƙwayoyi ne sirara, irin masu sa nono ya yi tsami. Ashe kowane tsimi da mai shi.

Daga nan ya bi sawun ƙwayoyin cuta. A 1868 rabin jikinsa ya shanye, ƴaƴansa mata uku sun rasu suna ƙanana, amma bai aje aiki ba. A 1881 ya yi wa tumaki 24 rigakafin ciwon saifa, ya bar 24, aka sa wa duka cutar. Waɗanda aka yi wa allura suka rayu, sauran suka mutu. A 1885 ya ceci yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza. Ya rasu ran 28 ga Satumba 1895. Cibiyar CERMES ta Yamai na cikin ƙawancen cibiyoyin da ke ɗauke da sunansa.

Yis ɗin nasa fa bai huta ba. Tun 1975 Brazil ta duƙufa zuba etanol na rake a motoci, Amurka kuma da masara take yi. A 1996 masana suka gama karanta ƙwayoyin gadon yis. Yanzu suna gyara su don ya jure ƙarfin etanol, ya kuma ci sukarin da ke cikin kara da ƙaiƙayi, wanda yis na gida ba ya iyawa, don kar a ƙona hatsi a tankin mota.

To, nan ne zancen ya shafe mu. Karan da wasu ke kira shara, mu shi ne abincin bisashenmu da rani, shi ne dangarmu, shi ke rufe gona kar iska ta kwashe ƙasa. Ranar da aka zo sayen karan gero don man mota, mu fara lissafa abin da tunkiya za ta ci kafin damina ta faɗi.